FILIN MATA: Horon Kwikwiyo Mai Cizon Wasa

 

A makon nan wata 'yar'uwa ta aiko mini da takarda. Ta ce maigidanta ya kawo kwikwiyo don gadin gida da awaki, bai fi wata uku da haihuwa ba, amma ya addabi kowa. In ta fito shara ya kama tsintsiya, in ta wuce ya rataye a bakin zanenta, hannuwan yara kuwa duk sawun haƙoransa ne. Maigida ya ce a ƙyale shi, wasa ya ke yi. Uwar miji ta ce a sa masa muciya. Ita kuwa tsoronta ɗanta mai rarrafe. Ta ce in ba ta shawara.

Na ga ya kamata in amsa a wannan fili, domin na san ba ita kaɗai ke da wannan damuwa ba. A gidajenmu namiji ke kawo kare, ko don gadi, ko farauta, ko tsaron dabbobi. Amma da gari ya waye sai ya tafi gona, ko kasuwa, ko ofis. Mace da yara su ke wuni da kwikwiyo a tsakar gida. Saboda haka duk halin da zai tashi da shi a hannunmu zai koya, ko mun so ko mun ƙi.

Maigida ya yi gaskiya da ya ce wasa ne. Amma ƙyalewa ba ta da kyau, muciya kuwa ta fi ƙyalewa ɓarna. Abin da kwikwiyo ya saba yi da hannun mutum kafin ya kai wata shida, shi zai yi sa'ad da ya zama ƙaton kare. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

DALILIN CIZON

Mu fara da neman dalili, domin malamar da ba ta san abin da ke damun ɗalibi ba, sai dai ta yi ta karya bulala a banza.

Na ɗaya, kwikwiyo ba shi da hannu. Abin da jaririnki ya kan yi da yatsu, ya taɓa, ya damƙa, ya jujjuya, shi da baki zai yi. Da baki ya ke gane abu mai taushi da mai tauri, da baki ya ke kokawa da 'yan'uwansa, da baki kuma ya ke kiran ki wasa.

Na biyu, ƙaiƙayin haƙori. A kan haifi kwikwiyo ba haƙori ko ɗaya. Wajen mako 3 sai haƙoran nono su fara tsirowa, kafin mako 8 sun cika 28, sirara masu tsini kamar allura. Da ya kai wata 3 zuwa 4 sai ya fara famfara kamar yadda yaranmu su ke yi, manyan haƙora su riƙa tunkuɗo ƙanana, har su cika 42 wajen wata 6 zuwa 7. Babban mutum 32 gare shi, kun ga kare ya fi mu da 10. Duk tsawon wannan lokaci dasashinsa na ƙaiƙayi da zafi, ba ya samun sauƙi sai ya gwaguyi wani abu. Kowace uwa da ta yi renon yaro mai haƙori ta san wannan.

Na uku, gajiya da yunwa. Ƙaramin kwikwiyo na bukatar barci kamar awa 18 tsakanin dare da rana. In yara sun hana shi sakat, sai ya yi irin rigimar yaron da barci ya kama amma ya ƙi kwanciya, rigimarsa kuwa da haƙori ya ke yin ta.

MAKARANTARSA TA FARI

In kun taɓa kallon 'yan kwikwiyo suna kokawa a gaban uwarsu, za ku ga in ɗaya ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wanda aka ciza ya kan yi ƙara ya janye jikinsa. Wasa ya tsaya ke nan, mai cizo ya zauna shi kaɗai. Yau da gobe sai ya gane in yana son wasa ya ɗore, tilas ya sassauta baki. Uwar ma in ya matsa mata wajen shan nono, tashi ta ke yi ta bar shi.

Don haka kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. Mutane da yawa su kan ɗauko shi yana mako 4 ko 5, wai don ya saba da gida. Irin wannan ya fi wuyar horo, domin an cire shi daga makaranta tun bai gama aji ɗaya ba. In maigida na shirin kawo kare, ki gaya masa wannan cikin ladabi tun da wuri.

Darasin da uwarsa ta fara, shi za mu ci gaba da shi. Darasi ɗaya ne tak: haƙori ya taɓa fatar mutum, wasa ya ƙare.

YADDA ZA KI YI

Sa'ad da ki ka ji haƙorinsa a hannunki, kada ki fizge. Fizgewa ita ke yaga fata, kuma a wurinsa abin da ya gudu abin bi ne, sai ya ƙara damƙa. Ki saki hannun ya yi lakwas kamar tsumma, ki ce "A'a!" sau ɗaya, da murya mai nauyi, ba da ihu ba. Da ya saki sai ki miƙe, ki naɗe hannuwanki a ƙirji, ki juya masa baya. Kada ki dube shi, kada ki yi masa magana. In ya bi ki yana kama zane, ki shiga ɗaki ki ja ƙofa. Rabin minti ko minti ɗaya ya isa. Sa'an nan ki fito ki koma wasa da shi kamar ba a yi kome ba. In ya sake, ki sake.

Abu biyu ke sa wannan ya yi aiki. Na fari sauri: a lokacin da haƙori ya taɓa fata a ke janyewa, domin in an jinkirta ba zai san laifinsa ba. Na biyu naci: kullum haka, ba yau a hana gobe a yi dariya ba. A kwanakin farko za ki yi sau ashirin a yini, har ki ce ba ya ji. Yana ji. Sannu ba ta hana zuwa.

Waɗansu su kan ce a yi 'yar ƙara irin ta ɗan'uwansa da aka ciza. Wani kwikwiyon ya kan saki in ya ji haka, wani kuwa ƙara zaburar da shi ta ke yi. In naki irin na biyun ne, ki bar ƙarar, ki tashi kawai ki ba shi baya.

A kwalejin horon malamai an koya mana cewa hani kaɗai ba ya gyara yaro, sai an nuna masa abin da a ke so, an kuma yaba masa in ya yi. Kwikwiyo ma haka. In ki ka shafa shi bai kai baki ba, ki ce "Madalla!" da fara'a, ki ba shi ɗan guntun nama ko ɗan ƙanzo a tafin hannu a buɗe. Ki koya masa zama: ki riƙe abincin bisa hancinsa, ki ɗan kai shi baya ta kan goshinsa, zai ɗaga kai ya zauna da kansa. Da gindinsa ya taɓa ƙasa ki ce "Zauna," ki ba shi. Karen da ya san da zama a ke samun abu ya kan rage tsalle da cafka.

ABIN DA ZAI GWAGUYA

Tun da ƙaiƙayin dasashi ba ya jin magana, tilas a ba shi abin da zai huce a kai. Ki sami igiya mai kauri ki ƙuƙƙulla ta. Ko tsumma mai ƙarfi, ki ƙulle, ki jiƙa da ruwan randa mai sanyi, domin sanyi na kwantar da zafin dasashi. Karas babba ma na yi. A manyan garuruwa a kan sami na roba mai tauri da aka yi musamman don karnuka. Ki ajiye ɗaya kusa da inda ki ke zama. Da kin ga ya nufo hannunki da baki a buɗe, ki rigaye shi, ki sa masa igiyar. In igiya ta fara warwarewa ki sake wata, domin zaren da ya haɗiye na iya toshe masa hanji.

Kada a ba shi dafaffen ƙashi, balle na kaza, domin ya kan tsattsage ya soke shi a maƙogwaro ko ciki. Kada kuma a ba shi tsohon takalmi. Shi bai san tsoho da sabo ba. Hausawa sun ce in ka ga kare na shinshina takalmi ɗauka zai yi, to ina ga wanda aka miƙa wa da hannu? Ranar da ya cinye takalmin sallar maigida, ba shi da laifi.

Ki ware masa kaskonsa na abinci da na ruwa, nesa da madafi. Wannan ya fi tsabta, kuma ya hutar da ke wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki, kamar yadda malamai su ka karantar da mu. Ki yi masa wurin kwanciya a inuwa, da ɗan shinge. In ki ka ga ya haukace da guje-guje da cizo, yawanci da la'asar sakaliya, ki kai shi can da igiyarsa. Sau da yawa kafin ki juya ya yi barci.

YARA

A nan aikin ya ke. Yaro in kwikwiyo ya kama shi sai ya yi ihu, ya watsa hannuwa, ya sheƙa da gudu. A idon kwikwiyo kuwa babu wasan da ya fi wannan daɗi. Ki tara yaranki ki koya musu: in ya kama ku, ku tsaya cik kamar turmi, ku naɗe hannuwa, ku dubi sama. Turmi ba ya gudu, ba a jin daɗin bin sa. Ku gwada wannan tare tun kare ba ya kusa, har ya zauna musu.

Ki hana su ja masa kunne ko wutsiya, da hawa bayansa, da taɓa shi yana cin abinci ko yana barci. Samarin gida kuma masu son cusa masa hannu a baki suna kokawa da shi, a gaya musu su bari. Su suna da ƙarfin ture shi in wasa ya yi zafi, ƙanwarsu mai shekara uku ba ta da shi. In mutum ɗaya a gida na yarda a cije shi, aikin mutum goma ya rushe. Don haka ki shawo kan maigida, da abokiyar zama in akwai, da iyayen gida, kowa ya riƙe kalma ɗaya da doka ɗaya.

Jariri da mai rarrafe kuwa, kada a bar su su kaɗai da kare a tabarma, ko na ɗan lokacin da za ki leƙa tukunya. Ko ki goya yaron, ko ki sa kare a shinge. Wannan doka ba ta da ranar ƙarewa, kome kirkin karen.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ga aikinku. In kun dawo kun ci abinci, ku ba shi minti biyar ko goma kuna koya masa zama da wasa da igiya. Ku ja layi a bayan littafinku, kullum ku rubuta sau nawa ya kai haƙori a wannan ɗan lokaci. Bayan mako biyu ku duba lissafin. Za ku ga yana raguwa, ku nuna wa Inna don hankalinta ya kwanta.

MAGANAR DUKA

Da girmamawa ga iyayenmu, muciya ba ta koya wa kwikwiyo barin cizo. Abin da ta ke koya masa shi ne hannun mutum abin tsoro ne. Haka nan matse masa baki, da bugun hanci, da danne shi a ƙasa. Wanda ya dake shi zai ga kamar ya yi nasara, domin kare zai riƙa noƙewa in ya gan shi. Amma ran da 'yar maƙwabta ta miƙo hannu za ta shafa shi, sai ya zaci dukan ne ya zo, ya riga ta. Cizon tsoro kuwa ya fi cizon wasa muni nesa ba kusa ba.

Kada kuma a dake shi don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne, yana cewa a matsa. In aka hana shi gargaɗi, wata rana zai yi cizo ba sallama. Abin yi shi ne a ja da baya, a duba abin da ya tsorata shi.

TO, ZAI YI GADI KUWA?

Na san maigida zai ce, "In an lallaɓa shi haka, ai ya zama tunkiya, wa zai kori ɓarawo?" Har waɗansu su kan ɗaure kwikwiyo da sarƙa yini guda a rana, su riƙa tsokanarsa, wai don ya yi zafi.

Mu yi lissafi. A shekara ɓarawo sau nawa ya ke shigowa gida? 'Yan talla fa, da almajirai, da mai kawo ruwa, da 'yan barka da 'yan biki? Karen da aka koya wa cizon kowa, ɗan maƙwabci zai fara ciza tun kafin ya ga ɓarawo, sai a wayi gari ana gaban mai unguwa ko alƙali, zumuncin shekara da shekaru ya ɓaci. Babban aikin karen gadi shi ne haushi, ya ta da mutanen gida. Wannan kuwa da kansa ya ke zuwa in ya girma ya san gidansu.

Saboda haka tun yana ƙarami, kafin ya wuce wata 3 zuwa 4, lokacin da ya fi saurin sabo, ki nuna masa masu shigowa gidanki da rana. Ki riƙe shi kusa da ke, ya gan su, ya ji muryarsu, ki yaba masa in ya natsu. Haka kaji da awaki. Karen da ya san mutanen rana shi ke gane baƙon dare.

WASA KO FAƊA?

Mai wasa jikinsa a sake ya ke, ya kan kwantar da ƙirji ƙasa ya ɗaga baya, yana tsalle nan da can. Amma in ki ka ga ya sandare, ya kafe mutum da ido, gashin bayansa ya tashi, ya yaye leɓe fiƙoƙi a waje, wannan ba wasa ba ne. Ki janye yara. In irin wannan ya yawaita, ko kuwa ya wuce wata 7 zuwa 8 yana cizo har jini, a kai shi wurin likitan dabbobi, domin wani lokaci ciwo ke sa shi.

IN YA FASA FATA

Ga maganar da ta fi duka nauyi, watau ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A cikin yawun dabba cutar ta ke, ta shiga ta wurin rauni ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Ta kan yi wata 2 ko 3 ba ta nuna ba, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Da alamunta sun bayyana kuwa, da wuya ƙwarai a tashi. Ƙanƙantar kwikwiyo ba ta hana shi ɗaukar ta.

Amma akwai rigakafi. A 1885 wani masani mutumin Faransa, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro mai shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. A nan ƙasarmu ma, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana yin allurar karnuka. Da kwikwiyo ya cika wata 3 a kai shi asibitin dabbobi a yi masa, a riƙa sabuntawa yadda likita ya ce, a adana takardar shaida. An keɓe ran 28 ga Satumba ta kowace shekara don tunatar da duniya wannan ciwo.

In haƙori ko farce ya fasa fata, kome ƙanƙantar wurin, ki wanke nan take da sabulu da ruwa mai yawa, kina kwarara har minti 15. Ki duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda a ke zato tsawo. Ki shafa aidin in akwai, sa'an nan a tafi asibiti a ranar, a gaya wa likita ko an yi wa karen allura ko ba a yi ba. Kada a tsaya sa toka, ko barkono, ko gashin karen. A tsare karen wuri ɗaya, ana ba shi abinci da ruwa ana lura da shi har kwana 10, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a ga likita. Ki kuma gaya wa yaranki ba za ki dake su ba in sun faɗa miki kare ya cije su, domin yaro ya kan ɓoye rauni don tsoron faɗa, ɓoyewar kuwa ita ce haɗarin.

To 'yan'uwa, in an bi wannan da haƙuri, cikin 'yan makonni za a ga sauƙi, yawancin karnuka kuma su kan rage cizon ƙwarai in haƙoransu sun gama fitowa. Wanda aka hora tun ran gini, shi ne za ki bar wa gida da dare ki yi barci, ki kuma karɓi baƙi da rana ba fargaba.

Mai tambaya a kan wannan ko wani abu na gida, ta aiko da takarda ta hannun Edita. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan tsabtar randa da ruwan sha. Allah ya tsare mana zuriya, amin.

Taku a kullum,
Malama